Tabawa Mai Daɓe a Ƙasar Tsaga

Allah ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe, ya ba na bayanta haƙuri. Ga labarin Tabawa mai daɓe yadda ya zauna mini a kai. Inda na manta na tsallake.

A Unguwar Marmara an yi wani mai haƙar rijiya, sunansa Nomau, da matarsa Tabawa. Ita sana'arta daɓe. Ta zuba tsakuwa a ɗaki, ta yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ta bi da madaɓi tana duka har ƙasan ɗakin ta yi santsi kamar bayan ƙwarya. 'Yarsu ɗaya, Lanti, ta yi aure a nesa. Su biyu suka rage a gidan, kullum suna yi wa juna tsiya, amma ba mai iya cin tuwo in ɗayan bai dawo ba.

Wata shekara Nomau yana haƙa rijiya a bayan gari, ya kai gaba goma sha biyu, sai ya tarar da tsaga a jikin dutse, siririya kamar zaren ɗinki. Masu haƙar rijiya na wajen suna da al'ada. In sun ci karo da tsaga, sai su shafe ta da laka su jira kwana arba'in. In lakar ta fashe, tsagar tana da rai, a bar ramin. In ba ta fashe ba, a ce ta mutu, a ci gaba da aiki. Nomau ya shafa, ya jira, ran kwana na arba'in ya sauka ya duba. Ya ɗaga murya ya ce da masu jan igiya, "Matacciya ce! Ta riga kakana mutuwa!" Ya ɗaga dagi ya sara.

Ƙasa ta yi wani nishi. Masu jan igiya suka ji ta saki a hannunsu. Suka jawo, babu kowa.

Mata suka cika gidan Tabawa da gaisuwa, aka ce ta shiga takaba. Ta ce ita ba ta ga gawa ba. Ran kwana na uku da hantsi ta soke madaɓinta a ɗamara, ta cika ƙwarya da laka ta goya a baya, ta ɗaura igiya a gungumen bakin rijiyar, ta sauka.

A ƙasan rijiyar tsagar nan ta buɗe baki, faɗinta ya isa mutum ya shiga a kaikaice. Tabawa ta yi bisimilla ta shiga. Ta yi ta tafiya, kafaɗa a gaba, garin dutse yana zubo mata a ka kamar ana tankaɗe. Ta fito wani fili inda manyan duwatsu ke niƙa junansu ba mai turawa, ta bi tsakaninsu da gudu, ɗaya ya cafke bakin zanenta ya yage. Ta wuce wani rami mai huci, gashin girarta ya ƙone. Ba rana a wurin, ba wata, duwatsun ne da kansu ke ba da wani haske mai kama da toka.

Can ta hau wata hanya mai gangara, mai ɗumi. Tana cikin tafiya hanyar ta yi magana.

"'Yar Adam, taka a hankali, gadon bayana kike kai."

Ta daskare. Wata murya kuma ta faɗo daga sama: "Kada ki ɗaga kai da sauri, za ki buga mini ciki."

Ta duba, ashe aljanu biyu ne na dutse, kowanne tsawonsa ya fi ganuwar gari. Ɗaya yana kwance, shi take takawa. Ɗayan yana kife a kansa, ya yi mata rumfa.

"Salamu alaikum, manya," in ji Tabawa. "Baƙuwa ce ni. Mijina nake nema."

Na ƙasan ya ce, "Ni ne Shimfiɗau, wannan na kaina ƙanena ne, Ratayau. Duk tsagar da ta jingina a cikin ƙasa, mu biyu ne bangonta. Mijinki yana hannun Magajiyar Tsaga. Mene ne wannan icen a ɗamararki?"

"Madaɓi ne, ranka ya daɗe."

"Me yake yi?"

"Yana kwantar da ƙasa mai gardama."

Shimfiɗau ya yi ajiyar zuciya har tsakuwa ta gangaro. "Shekara dubu nawa yaron nan yana gurje mini baya. Ki lallasa mini wurin, mu kuma mu ba ki abin da za ki tsaya da shi gaban Magajiya."

Tabawa ta durƙusa ta yi ta duka har tafin hannunta ya fashe, bayan aljanin ya yi sumul. Sai Ratayau ya ce, "To saurara. Gidajen tsaga uku ne. In ƙasa ta ja baya da baya, ni na zame ƙasa na bar yayana a sama, wannan gidan Zamau ne. In ƙasa ta matso, na haye kansa, gidan Hayau ke nan. In kuwa tsagar a tsaye take, ba na sama ba na ƙasa, bango biyu suna wuce juna kafaɗa da kafaɗa kamar maƙiya a kasuwa, gidan Gogau ne. Ki nemi jijiyar farin dutse da tsagar ta yanke, ki ga inda rabinta ya tafi."

Shimfiɗau ya miƙa bayansa, ta gangara har ƙofar wani zaure wanda ba a ganin rufinsa.

Magajiyar Tsaga tana zaune bisa wani falalen dutse. Tsohuwa ce tukuf. Fuskarta a tsage take daga goshi zuwa haɓa, ɓarin dama ya sauka ƙasa da na hagu kamar yatsa biyu, don haka ido ɗaya yana kallonka daga sama, ɗaya daga ƙasa. A tsakar zauren, a cikin dutse, ga kan Nomau kaɗai a waje, kamar kabewa a gona.

Ya gan ta ya ce, "Ke! Wa kika bar wa awaki?"

"Au, Baban Lanti, awaki ne damuwarka? Dubi inda bakinka ya kai ka."

"Sosa mini hanci tukuna, kwana uku yana ƙaiƙayi."

Ta sosa masa tana kuka.

Magajiya ta ce, "'Yar Adam, mijinki ya zagi 'yata. Barci take yi, ya ce ta mutu, ya kuma sare ta da ƙarfe. A nan ƙasar ba zagin da ya kai wannan."

Tabawa ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ya jira kwana arba'in kamar yadda ya gada."

"Kwana arba'in!" Tsohuwar ta yi dariya, ɓarin fuskarta ya ƙara zamewa. "Ku kuna auna mu da kwanakin makokinku. Ji yadda muke kasa su. Akwai mai rai, wadda ke jan jiki kullum kaɗan-kaɗan. Akwai mai barci, ta yi shiru kakanni da jikoki su shuɗe, ran da ta juya gari ya kife. Akwai matacciya, ita kuwa ba ma ba ta sunan sai ta cika damina dubu goma ba ta motsa ba. Tsaga uku sun haɗu a zauren nan. Ki faɗa mini gidan kowacce da halinta. Duk wadda kika faɗa daidai, dutse zai saki kashi ɗaya cikin uku na jikin mijinki. In kika kuskure sau ɗaya, ya rufe a kansa. Ban sa miki rana ba. Muddin ba ki amsa ba, yana nan yadda yake."

"Na karɓa, ranki ya daɗe."

Tsagar farko tana bangon gabas, a jingine. Tabawa ta nemi jijiya, ta ga wani farin layi a cikin dutsen ya zo ya yanke, ci gabansa a ɓangaren da ke rataye ya sauka ƙasa har kamu uku. Ta ɗebi laka ta shafe bakin tsagar. Kafin ta goge hannu a zane lakar ta yi ƙas, ta rabu.

"Gidan Zamau ce, kuma tana da rai."

Dutse ya yi ƙara, Nomau ya fito har ƙirji. Ya ɗaga hannuwansa yana kallonsu kamar na aro.

Ta biyu tana bangon yamma. Farin layin nan a ɓangaren da ke rataye ya hau sama. Tabawa ba ta ma taɓa ƙwaryarta ba. Ta ga cikin tsagar ya cike da farin dutse kamar tsohon tabo, ta bi ta da ido zuwa sama, ta ga wani shimfiɗaɗɗen dutse ya kwanta a kanta, kaurinsa ya yi tsawon mutum goma, ko gashi bai tsage ba.

"Gidan Hayau ce, ranki ya daɗe, kuma ta mutu. An yi sabon daɓe a kanta tun tuni. Da tana motsi da ta fasa shi. Haka muke gane ɗakin da ya daina ja."

"Hannunki ya san aiki," in ji Magajiya.

Nomau ya fito har gwiwa. Ya ce, "Kin ga amfanin zama da ni ke nan."

"Rufe mana baki, saura ɗaya."

Ta uku a tsaye take cak, ta ratsa ƙasan zauren kusa da inda Nomau yake, ta shige wani lungu mai duhu. Wani ɗan rafi da ke bi ta zauren ya zo bakinta ya karkace, ya bi ta gefe taku biyar sannan ya ci gaba.

"Gidan Gogau ce," in ji Tabawa. Magajiya ta gyaɗa kai, ta jira saura.

Tabawa ta shafa laka. Lakar ta bushe lafiya lau. Ta duba sama, ba wani dutse da ya kwanta a kanta. Ta duba ciki, ba tabo, ba sabon gari. Ta zauna.

Nomau ya ce, "Ce matacciya mu tafi."

"Haka ka ce wancan karon."

"To ce mai barci."

"In kuma ta mutun fa? Kai za a rufe, ba ni ba. Zan jira laka ta faɗa mini."

Masu daɓe suna da ka'ida, uwarta ta koya mata tun tana yarinya: ba a barin aiki ba mai tsaro. In ka tashi ka dawo ka tarar ya fashe, ba za ka san ƙasa ce ta ja ko kaza ce ta taka ba. Zauren kuwa cike yake da ƙadangarun dutse masu nauyi, suna ta kai da kawowa. Saboda haka Tabawa ba ta gusa ba. In barci ya zo, sai ta kifa ƙwarya a kan lakar ta ɗora kanta a kai. Saiwoyi suna saukowa daga rufin da ba a gani, su suke ci. Rafin yana kusa, hannu take miƙawa ta ɗebo. In ruwa ya fara ɗiga daga sama suka san damina ta sauka a duniya, sai Nomau ya ja layi a dutse da farce.

Damina ta farko sun yi ta hira. Ya ba ta labarin kowace rijiya da ya haƙa, ta ba shi na kowane ɗakin amarya da ta daɓe, da wadda ta yi rowar abinci, da wadda ta ba da tuwo har da man shanu. Damina ta huɗu hirar ta ƙare, suka koma faɗa. Ya ce ta hau sama ta je ta ga Lanti, wataƙila ta haihu. Ta ce in ta tafi wa zai kore masa ƙadangaru. Damina ta tara ya daina cewa ta tafi. Yana salla a tsaye, da nuni, ita tana zuba masa ruwan alwala. Wani lokaci Magajiya takan buɗe idon sama ta ce, "'Yar Adam, da amsa?" Tabawa ta ce, "Tukuna, ranki ya daɗe." Tsohuwar ta rufe idon.

Gashin Tabawa ya yi fari. Haƙoran Nomau suka zube. Lakar tana nan yadda aka shafa ta, har da sawun yatsu huɗu.

A damina ta goma sha tara tari ya kama Nomau. Tun yana yi da ƙarfi har ya koma ba ya iya ɗaga kai, sai ta tsaya ya jingina da ita. Rannan ya ce, "Tabawa."

"Na'am."

"Ba na so in mutu a tsaye kamar turke. Ina so maza su yi mini wanka, a sallace ni, a kwantar da ni a hannun dama. Abin da ya rage mini ke nan."

Ta gyara masa jingina, ya ci gaba.

"Kuma sanyi nake ji a ƙirji. Ruwan rafin nan kamar ƙanƙara. Da ma da mai ɗumi."

Tun shekarun farko Tabawa takan ji wani tururi yana fitowa daga lungun nan mai duhu inda tsagar ta shige. Ta dubi lakarta, ta dubi mijinta. Ta ɗauke ƙwaryar daga kan lakar, karo na farko ta juya mata baya, ta shiga lungun tana bin bakin tsagar da ƙafa.

Ba ta yi nisa ba ta taka wani abu mai tudu. Ta sunkuya ta shafa. Laka ce aka shafa a bakin tsagar, ta daɗe har ta zama dutse, da sawun yatsun mace a jiki. Ta rabu biyu, rabi yana nan, rabin yana can gaba da kamu huɗu. Gaba kaɗan ga wata, ita kamu biyu. Ga wata kuma. Mata ne suka zo neman mazansu kafin ita, kowacce da ƙwaryarta, kowacce ta zauna gadin tata. A gefen wata ta ga awarwaro uku a ƙasa, ba hannu a ciki.

Ta ƙarshe ita ta tsayar da ita. Mai wannan lakar ta danna gutsuren farantin tangaran a tsakiya, irin adon da ake yi wa daɓen amarya, mai shuɗin fure. Tsagar ta raba furen biyu, rabinsa ya wuce da tsawon tafin hannu. Tangaran kuwa, a zamanin kakar Tabawa fatake suka fara kawo shi.

Ta tsaya tana kallon furen. Sannan ta tuna da ƙirjin Nomau, ta ƙarasa ga maɓuɓɓugar da tururin ke fitowa, ta cika ƙwarya da ruwan ɗumi, ta juyo. Tana dawowa bakinta yana ƙirga taku, ba ta san dalili ba.

Ta ba shi ya sha, ta shafa masa saura a ƙirji. Ta je gaban Magajiya, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Gidan Gogau ce. Barci take yi. Ta juya bayan an haifi kakata, kuma za ta sake."

Dutse ya buɗe, Nomau ya faɗi a gefe. Ƙafafunsa daga gwiwa zuwa ƙasa sun zama kamar karan dawa.

Tabawa ta ce da Magajiya, "Kin san lakar matan nan tana can."

"Na sani."

"Shekara goma sha tara kina kallona."

Magajiya ta buɗe idanun biyu. "'Yar Adam, lungun ba shi da ƙofa. Kowacce a cikinku takan zo ta zauna gaban tata lakar, ba mai zuwa ta duba ta 'yar'uwarta. Ke kaɗai kika tashi. Ɗauki mijinki."

Ta goya shi kamar jariri, ba shi da nauyin kirki. Shimfiɗau ya ɗauke su a bayansa ya wuce da su ramin huci da duwatsun niƙa, Ratayau ya ɗaga cikinsa suka samu hanya. A ƙasan rijiyar igiya ta daɗe da ruɓewa, an rufe bakin da itace. Tabawa ta yi ta kira har wasu mata masu dawowa daga gona suka ji, suka watsar da kaya suka gudu, sannan maza suka zo da igiya.

Da azahar aka fito da su. Yawancin waɗanda suka taru ba su san su ba. Aka kwantar da Nomau a gindin wata tsamiya, ya rufe ido da hannu, yana leƙen sama ta tsakanin yatsu.

"Ashe haka rana take da zafi," ya ce. "Ke kuwa kin tsufa, Tabawa. A can ban lura ba."

"Kai ma ba ango ba ne."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ya tambaya ko gero ya yi kyau bana, aka ce ya yi. Ya nemi a juya shi hannun dama. Kafin la'asar ya cika.

Maza suka yi masa wanka, aka yi sahu uku a kansa, aka kai shi. Washegari Lanti ta iso da 'ya'ya biyar, babbar har an sa mata rana. Tabawa ta shiga takaba a ɗakin da ba ita ta daɓe ba, don nasu ya rushe tuntuni.

Ta yi shekara shida bayansa. Mutane sukan zo daga garuruwa su zauna a ƙofarta, su ce ta ba su labarin aljanun ƙarƙashin ƙasa, yaya girmansu, me suke ci, da gaske ne fuskar Magajiya a tsage take. Takan dube su har su gama. Sai ta ce, "Daga inda na zauna zuwa inda farantin yake, taku ɗari biyu ne da goma sha biyu." Ba ta ƙara komai a kai.